HMS Nigeria: jirgin yaƙin da ya ɗauki sunanmu, da mutanen da suka riƙe shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani tsohon hoto na ƙaton jirgin ruwan yaƙi, an rubuta HMS Nigeria a ƙasansa, wai na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Shin namu ne? Ina ya yi yaƙi, su wa suka jagorance shi, kuma ina ya ƙare? Wani wuri na ga an ce Vian ne kwamandansa, wani wurin kuma Burrough, abin ya ruɗa ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Suna dai namu ne, amma jirgi na Ingila ne. Da kuɗinsu aka ƙera shi, tutarsu ya ɗauka, su suka tuƙa shi. A lokacin ma Najeriya ba ta da rundunar sojan ruwa, sai a 1956 aka kafa ta. Turawan sun ƙera jirage 11 masu fasali kusan ɗaya, suka raɗa musu sunayen ƙasashen da suke mulka: Fiji, Kenya, Mauritius, Trinidad, Gambia, Jamaica, Bermuda, Ceylon, Uganda, Newfoundland, da wannan namu. Kada kuma ka haɗa shi da NNS Nigeria, wanda aka ƙera wa sojan ruwanmu a Holan a 1965, ya yi yaƙin basasa, daga baya aka sauya masa suna zuwa Obuma. Wancan ƙaramin jirgi ne idan aka jera su.

Irin wannan jirgi shi ake kira kuruza mara nauyi, sunan kuwa yana yaudarar mutane. Ba nauyin jirgin ake nufi ba, bakin igwarsa ake dubawa. Yarjejeniyar Landan ta 1930 ce ta raba kuruza gida biyu: wanda faɗin bakin igwarsa bai wuce inci 6.1 ba shi ne mara nauyi, wanda ya kai har inci 8 shi ne mai nauyi. Wata yarjejeniyar ta 1936 ta ƙara ƙayyade cewa sabon kuruza kada ya wuce tan 8,000. Wannan ƙa'ida ce ta matse masu zanen jirgin, suka cusa kayan babban jirgi a cikin gangar jiki mai tsawon mita 169. Igwa 12 gare shi masu inci 6, uku-uku a hasumiya huɗu, biyu a gaba biyu a baya. Harsashi ɗaya ya kai nauyin buhun siminti, ana kuma iya jefa shi sama da kilomita 20. Gudunsa ya kusa kilomita 60 a awa. An tsara shi don mutum ɗari bakwai da 'yan kai, amma da yaƙi ya kawo na'urorin hangen nesa da ƙarin bindigogin kakkaɓo jiragen sama, sai da suka doshi 900, ana kwana kamar kifin gwangwani. Kamfanin Vickers-Armstrongs ne ya ƙera shi a bakin kogin Tyne, kusa da Newcastle. An fara aikin a Fabrairun 1938, an tura shi ruwa a Yulin 1939, ya kama aiki a Satumban 1940.

Yanzu ga abin da ya ruɗa ka. Vian da Burrough duk sun hau jirgin nan, duk sun ba da umarni daga cikinsa, amma babu ɗayansu da ya taɓa zama kwamandansa. Su admiral ne, masu jagorantar rukunin jirage, sai suka zaɓi Nigeria ya zama mazauninsu, suka ɗaga tutarsu a kansa. Kwamandan jirgi shi ne kyaftin, wanda a sojan ruwa muƙaminsa daidai yake da kanar a sojan ƙasa. Ka ɗauka hakimi ne ya sauka a gidanka ya yi wata shida. Daga zaurenka yake yanke hukunci, sunansa ake ambata a gari, amma idan katanga ta faɗi ko rumbu ya kama wuta, kai maigida za a tambaya. Admiral yana cewa a nufi wuri kaza, a buɗe wuta a kan kaza. Yadda jirgin zai isa can, horon ma'aikata, lafiyar inji, da ceton jirgin idan ya sha duka, duk a wuyan kyaftin suke. Shi ya sa masu ba da labari suke cika baki da Vian da Burrough, su bar mutum uku da suka riƙe jirgin a shekarun yaƙi: Kyaftin John Dundas daga 1940 zuwa tsakiyar 1942, Kyaftin Stuart Paton daga nan zuwa 1944, sai Kyaftin Henry King har yaƙi ya ƙare.

Dundas ne ya karɓe shi sabo fil, ya kai shi Scapa Flow a arewacin Sikotilan, babban sansanin jiragen Ingila. A ganina, aikin da ya fi kowanne amfani a duk rayuwar jirgin a hannunsa aka yi shi, kuma aiki ne da ba a nutsar da wani babban jirgi ba, ba a kuma buga shi a jarida ba.

Jamusawa suna ɓoye saƙonninsu da wata na'ura mai suna Enigma, wadda ake sauya saitinta kullum bisa wata takarda da ake rabawa wata-wata. Masana a Bletchley Park, cibiyar fasa saƙonnin sirri ta Ingila, sun sha wuya da ta sojan ruwa. Sai wani matashi a cikinsu, Harry Hinsley, ya lura da wani abu. Jamus tana ajiye ƙananan jiragen kamun kifi can arewa mai nisa suna aiko da rahoton yanayi, suna kuma daɗewa a teku har wata ya juya. Ke nan dole suna ɗauke da takardar wata mai zuwa a kulle cikin akwatin ƙarfe. Idan aka afka musu ba zato, za su jefa na'urar da takardar da ke hannu cikin ruwa, amma da wuya mai gudun ceton rai ya tuna da akwati. An gwada a kan jirgin München a watan Mayun 1941, dabara ta ci. A ranar 28 ga Yuni, Nigeria da ƙananan jiragen yaƙi uku, Tartar, Jupiter da Bedouin, suka ritsa wani mai suna Lauenburg a yankin tsibirin Jan Mayen. Suka yi ta saukar da harsashi kusa da shi ba tare da sun fasa shi ba, ma'aikatansa suka faɗa kwale-kwale, mutanen Tartar suka hau suka kwashe takardu, sannan aka nutsar da shi don kada Jamus ta gane abin da aka ɗauka. A ciki aka sami saitin watan Yuli. Duk wannan watan Ingila tana karanta saƙonnin jiragen ƙarƙashin teku na Jamus kusan a ranar da aka aika su, tana karkatar da ayarin jiragen kaya daga inda aka yi musu kwanton ɓauna. Asarar jiragen kaya a Tekun Atlantika ta faɗi ƙwarai a watannin. Ba wannan kaɗai ne dalili ba, don a daidai lokacin Hitila ya juya kan Rasha, amma kasonsa babba ne.

Bayan nan ne Riya Admiral Philip Vian ya shigo. Mutum ne mai zafin nama, wanda ya yi suna tun 1940 da ya kutsa ruwan Norwe ya kuɓutar da fursunonin Ingila kusan 300 daga jirgin Jamus mai suna Altmark. Ya ɗaga tutarsa a Nigeria, tare da kuruza Aurora, aka tura su tsibiran Spitsbergen, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa, inda ake haƙar kwal. A ƙarshen Agustan 1941 suka raka babban jirgin fasinja Empress of Canada ɗauke da sojojin Kanada. Aka kwashe Rashawa masu haƙar kwal kusan 2,000 zuwa Arkhangelsk, aka kwashe 'yan Norwe kusan 800 zuwa Ingila, aka cinna wa tarin kwal wuta, aka lalata tashoshin rediyo.

Da wani admiral ne, da ya koma gida daga nan. Vian kuwa sai ya ware Nigeria da Aurora ya nufi gaɓar Norwe neman abin farauta. Cikin duhun daren wayewar 7 ga Satumba, ga hazo ga iska, suka yi kiciɓis da ayarin Jamusawa kusa da North Cape: jiragen kaya biyu maƙare da sojojin tsaunuka kimanin 1,500, da Bremse, jirgin koyon harbi da aka mayar ɗan rakiya. Bremse ba sa'an kuruza ɗaya ba ne, balle biyu, amma ya tsaya ya ja wutar kansa har jiragen sojojin suka sulale cikin lungun ruwa. Aka nutsar da shi, mutum 160 suka mutu. In za a yi adalci, Jamusawan sun yi asarar ƙaramin abu sun tsira da babba. Nigeria ma bai fita lafiya ba, hancinsa ya ragargaje. A lokacin an ce karo ya yi da Bremse ko da wani ɓaraguzan jirgi, daga baya wasu masu bincike suka karkata ga cewa nakiyar ruwa ya taka. Ko ma mene ne, Dundas ne ya lallaɓa jirgi mai fasasshen hanci ya tsallaka tekun arewa da shi a hankali har gida, aka yi watanni ana gyara a kogin Tyne.

Rabin farko na 1942 ya tafi a rakiyar ayarin jiragen da ke kai wa Rasha makamai ta tekun ƙanƙara, a ƙarƙashin Riya Admiral Harold Burrough. Har zama jirgin ya yi a yankin Murmansk cikin tsakiyar hunturu. Ruwan da igiya ta watso kan bene daskarewa yake nan take, sai an bi da guduma da tururi ana fasawa don kada nauyin ƙanƙara ya rinjayi jirgi. Wanda ya faɗa ruwa, mintuna kaɗan gare shi. A hanyar nan ɗan'uwansa Trinidad ya halaka a watan Mayu. Nigeria yana cikin masu kare ayarin PQ 16, yana kuma cikin rundunar nesa lokacin bala'in PQ 17 a watan Yuli, da aka umarci ayarin ya watse aka rasa jirage 24 cikin 35. Bai harba ko harsashi ɗaya a wannan ba, yana can nesa tare da manyan jirage.

Paton bai daɗe da karɓar jirgin ba aka aiko da aikin da ya kusa zama ajalinsa. Tsibirin Malta a tsakiyar Bahar Rum ya kusa faɗuwa saboda yunwa da rashin mai. Aka haɗa jiragen kaya 14, cikinsu har da tankar mai Ohio, da rakiyar da ba a taɓa ba wani ayarin Malta irinta ba. Shirin shi ne manyan jirage su juya kafin mashigin da ke tsakanin Tunisiya da Sisili, Burrough ya ƙarasa da ayarin da kuruza huɗu: Nigeria, Kenya, Manchester da Cairo. Tun ranar 11 ga Agusta aka nutsar da Eagle mai ɗaukar jiragen sama. Da magaribar 12 ga wata, manyan jiragen sun juya ke nan, ayarin yana sauya jeri daga layi huɗu zuwa biyu don shiga matsatsi, sai wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Axum, a hannun Laftanar Renato Ferrini, ya saki tofido huɗu, wato bama-baman da ke gudu a ƙarƙashin ruwa. Ya sami Nigeria, ya sami Cairo, ya sami Ohio. Da wuya ka sami harbi ɗaya a duk yaƙin da ya yi ɓarna irin wannan.

Dubi sunayen ma kawai. Axum tsohon birni ne a Habasha, wadda Italiya ta mamaye a 1936. Jirgi mai sunan Habasha ya harbi mai sunan Najeriya da mai sunan Alƙahira, admiral ya sauka ya koma wani ƙaramin jirgi mai suna Ashanti, a daren kuma aka fasa hancin Kenya. Turawa na kashe juna, Afirka ce a rubuce a jikin ƙarafan.

Illar ta wuce ramin da aka huda. Nigeria da Cairo su kaɗai ne a cikin rakiyar ke da na'urorin da ake magana da jiragen saman Malta ana nuna musu inda maƙiyi yake. Da aka fitar da su biyun, ayarin ya zama kamar makaho ba ɗan jagora. Jiragen saman Jamus da Italiya suka sauko da almuru, ƙananan jiragen tofido suka biyo da dare kusa da gaɓar Tunisiya. Jirage 5 kacal suka isa Malta cikin 14. Ohio ta shiga ranar 15 ga Agusta, ana riƙe da ita dama da hagu, benenta ya kusa shafar ruwa. Man da ta kawo shi ya tsayar da tsibirin da ƙafafunsa.

Labarin da aka fi bayarwa yana bin Burrough da Ohio zuwa Malta. Ni kuwa a nan nake so ka tsaya tare da Paton. Tofidon ya shiga ta hagu, kusan ƙarƙashin inda ake tuƙi. Mutum 52 suka mutu, ruwa ya cika ɗakunan ƙasa, jirgi ya karkata, admiral da muƙarrabansa sun tafi. An bar shi da ƙananan jirage uku 'yan rakiya da tafiyar kusan kilomita 1,400 zuwa Jibralta, sansanin Ingila a kudancin Sifaniya, a ruwan da ke cike da irin wanda ya harbe shi. A irin wannan hali aikin ba na jarumtar fim ba ne. Rufe ƙofofin ƙarfe ne, wani lokaci da sanin akwai mutane a bayansu. Tokare bango ne da katako don kada nauyin ruwa ya ɓalle shi, da shigar da ruwa da gangan ta ɗaya gefen don jirgi ya miƙe, da zaɓen gudun da zai fitar da kai daga haɗari ba tare da ya yage ramin ba. Wannan duk horo ne da aka yi tun kafin ranar, wani ɓangarensa ma gadon Dundas ne. Paton ya kai jirgin Jibralta da injinsa.

Don ka gane nauyin abin, dubi Manchester. Awanni kaɗan bayan haka aka harbe shi kusa da Tunisiya. Kyaftin ɗinsa, Harold Drew, ya ga ba zai iya fitar da shi kafin gari ya waye ba, ya sa aka nutsar da shi don ceton mutanensa. Da ya dawo daga tsare, kotun soja ta same shi da laifin sakin jirgi da wuri, bai sake riƙe jirgi a teku ba. Har yau ana gardama a kan ko an yi masa adalci, ni ma ina ganin an tsananta masa. Amma ka lura, ba admiral aka gurfanar ba.

Daga Jibralta aka yi masa ɗinkin wucin gadi, aka tsallaka da shi Amurka, ma'aikatar jiragen ruwa ta Charleston, inda gyara ya ci kusan wata tara. Sai farkon 1944 ya koma fagen daga, wannan karon a Tekun Indiya, da sansani a Trincomalee ta Silon, wato Siri Lanka ta yau. Zamanin King ke nan, kuma ba shi da dogon labari, don a lokacin ƙarfin Japan a wannan teku ya ragu. Jirgin yana cikin rundunar Admiral James Somerville da ta kai hari Sabang a arewacin Sumatra a Afrilun 1944, ya kuma koma a watan Yuli aka yi wa wurin ruwan harsashi.

Akwai wurin da hanyar jirgin ta zo kusa da ta mutanenmu. A ranar 26 ga Janairun 1945, Nigeria da Kenya da Newcastle suka sauke sojojin kundumbalar ruwa kusan 500 a tsibirin Cheduba, a gaɓar Arakan ta ƙasar Bama, suka tarar Japanawa ba sa nan. A cikin wannan makon ne, can cikin dajin gaɓar, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka karɓe Myohaung. Dubban sojojin nan 'yan Najeriya ne da 'yan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da yawansu Hausawa ko masu jin Hausa, su ne kakanninmu da ake ce wa 'yan Bama. Daga can aka samo sunayen barikokinmu irin su Arakan da Myohaung a Legas, da Kalapanzin da Dalet a Kaduna. Jirgi mai sunan ƙasar yana kan ruwa, 'ya'yan ƙasar suna cikin laka da sauro, yaƙi ɗaya suke yi a gaɓa ɗaya.

Bayan yaƙi ya zama babban jirgin rundunar Kudancin Atlantika da mazauni a Simonstown ta Afirka ta Kudu. A farkon 1948 aka aika shi tsibiran Falkland da yankin ƙanƙarar kudu don nuna ƙwanji, lokacin da Ajantina da Chile suke ja da Ingila a kan mallakar wuraren. A 1950 aka ajiye shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da an yanka shi an sayar da ƙarfe kamar wasu 'yan'uwansa. Sai Indiya ta saye shi a 1954 a kan fam 300,000. Aka yi masa gyara na gaske a Birkenhead, aka cire hasumiyar igwa ɗaya ta baya, ya koma mai igwa 9. A Agustan 1957 ya ɗaga tutar Indiya da sunan INS Mysore. Kwamandansa na farko Kyaftin S. M. Nanda ne, wanda ya zama babban hafsan sojan ruwan Indiya, shi ne kuma ya tsara harin da aka kai tashar Karachi a yaƙin 1971. A 1959, lokacin atisayen dare kusa da Silon, Mysore ya yi karo da jirgin Ingila Hogue, ya murƙushe masa hanci, Hogue bai sake komawa aiki ba. A Disamban 1961 yana cikin jiragen da suka ƙwace tsibirin Anjadip lokacin da Indiya ta kori Fotugal daga Goa. A 1971 shi ne mazaunin Riya Admiral Kuruvila, shugaban rundunar yamma, kyaftin ɗinsa kuwa R. K. S. Ghandhi ne, wanda daga baya ya yi gwamnan jihar Himachal Pradesh. Ka ga rabon aikin nan na admiral da kyaftin ya bi jirgin har Indiya. A yaƙin suka kama wani jirgin kayan Pakistan mai suna Madhumati. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka mayar da shi makarantar ƙananan hafsoshi, aka sallame shi a Agustan 1985. Shekara 10 ya yi yana aiki da sunan Nigeria, shekara 28 da sunan Mysore.

Koma ka sake duba hoton naka. Lamba ba za ta raba maka gardama ba, don 60 ya ɗauka a hannun Ingila, C60 kuma ta bi shi har Indiya. Ƙirga hasumiyar igwa. Idan biyu ne a gaba biyu a baya, hoton kafin a sayar da shi ne. Idan ɗaya ce tak a baya, to ko dai Mysore kake kallo, ko wani daga cikin 'yan'uwansa aka liƙa wa sunan.